Taron lajanar unguwa a Gadarif: inda yake da amfani da inda yake cin lokacin mutane

Wanda ya saba da tsarin Kano ko Damagaram, in ya sauka Gadarif, a gabashin Sudan, ya ce a nuna masa ofishin kansila, za a yi ta kallonsa ne. A Sudan akwai wilaya, wato jiha, ƙarƙashinta akwai mahalliya, ita ce ƙaramar hukuma, sannan ofisoshin gudanarwa na shiyya, sai unguwa da murabba'anta, wato rukunonin gidajen da aka kasa ta. Tun faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir a watan Afrilu na 2019 babu zaɓaɓɓun 'yan majalisa a mahalliya, babban jami'in zartarwa ne ke riƙe da ita. Abin da ya rage wa talaka a kusa da ƙofarsa shi ne lajana, kwamitin unguwa. A zamanin Bashir ana ce mata lajanar sha'abiyya. Bayan juyin 2019 aka kafa lajanonin sauyi da hidima, a farkon 2024 kuma gwamnati ta rushe su aka koma kwamitocin riƙo. Suna ya sha canzawa, amma aikin nan ɗaya ne: ita ke kiran taron jama'a, ita ke ɗaukar ƙorafi zuwa mahalliya, ita ke ba da shahadar sakan, takardar da ke shaida cewa mutum mazaunin unguwa ne.

Taron da wannan lajana take kira shi nake son aunawa, kamar yadda ake auna kowace hidima: me ake samu, me ake biya, ina yake cizawa. Hukuncina tun farko shi ne ya cancanci a je. Amma ingancinsa ba ɗaya ba ne. Taron da aka kira kan abin da unguwa za ta iya yi da hannunta, kamar yasar magudana ko tsabtace ruwan sha, yana haifar da aiki a cikin mako guda. Taron da aka kira kan abin da ke hannun wilaya, kamar jawo bututun ruwa, galibi jawabi ne ake sha a watse.

Kiran taro shi ne wurin da aka fi iyawa. Hanya uku ake bi: sanarwa a masallaci bayan salla, lasifika a kan raksha, wato keke mai ƙafa uku, tana zaga lunguna, da saƙo a zauren WhatsApp na unguwa. Idan an haɗa ukun, ba wanda zai ce bai ji ba. Inda ake kuskure shi ne a dogara da WhatsApp kaɗai, alhali wuta na ɗaukewa, layin waya na yankewa, kuma tsofaffi da mata da yawa ba sa cikin zauren. Kuskure na biyu ya fi wannan yawa: a ce akwai taro mai muhimmanci, ba a faɗi kan me ba. Mutumin da bai san za a yi maganar kuɗin gayya ba, zai zo hannu rabbana, wanda ke da ƙorafin kwalbati kuma bai ɗauko hoton wurin ba. Sanarwa mai kyau tana fita kwana uku kafin ranar, a maimaita ta ranar Juma'a, kuma ta ƙunshi wuri, lokaci, da batu ɗaya ko biyu.

Lokacin yini ba shi da matsala sosai. Bayan la'asar zuwa magariba shi ne ya fi dacewa, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka shiga dokar ta-ɓaci da hana yawon dare, taron bayan isha ya ragu da kansa. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, don haka yammacin Asabar ya fi tara mutane, sai dai in ana son jami'in mahalliya ya halarta dole a sanar da shi tun ranar aiki. Lokacin shekara ne ake yawan mantawa da shi. Gadarif garin noma ne, rumbun dawa da riɗi na ƙasar. Daga ƙarshen Yuni ana shuka, Agusta ana ciyawa, Oktoba ana yankan riɗi, wanda ba ya jira ko kwana biyu don kwansonsa fashewa yake ya zubar, daga Nuwamba zuwa Janairu kuma yankan dawa. A waɗannan watanni magidanta da samarin unguwannin Hausawa da yawa suna mashru, gonakin da ke nesa da gari, wasu sai su yi makonni ba su kwana gida ba. Lajanar da ta yanke hukuncin kuɗi a tsakiyar Oktoba ta yanke shi ne a bayan idon masu biya, kuma in sun dawo za su ƙi biya, da gaskiyarsu. Manyan shawarwari wurinsu tsakanin Fabrairu da Mayu.

Wurin zama yawanci filin unguwa ne, ko harabar makaranta, ko kulob. A kan kafa siwan, rumfar haya irin ta biki da makoki, a jera kujerun roba, a ajiye ruwan sanyi a hafaza, wato kula. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, don haka siwan ba ado ba ne. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake jera kujerun. Tebur a gaba, manya a layin farko, mata a can gefe ko bayan lasifika inda ba a jin komai sai ƙara. Makirfo ɗaya ne, yana kan tebur, wanda zai yi magana sai ya taso ya ratsa jama'a. Dattijuwa ba za ta yi wannan tafiyar ba. Gyaran ba tsada: makirfo na biyu marar waya, yaro ɗaya yana kai shi ɓangaren mata, kuma mai gabatarwa ya riƙa karɓa-karɓa, magana ɗaya daga maza, ɗaya daga mata. Su ne ke ɗiban ruwa, su ke sanin gidan da yaro ya kwana yana gudawa, su ke sanin wane karo, wato amalanken jaki, ruwansa ke wari. Taron ruwa ko na lafiya da ba a ji muryarsu ba rabin taro ne.

Harshe ma haka. Jami'i Larabci zai yi, kuma matasanmu da aka haifa a nan sun fi sakewa da Larabcin Sudan fiye da Hausa. Ba laifi. Amma akwai tsofaffi da ke jin Larabcin kasuwa ba sa jin na ofis, kalmomi irin su mizaniya da tasdiƙi suna wuce su. Inda lajana ta tanadi mutum ɗaya da zai taƙaita kowane jawabi da Hausa cikin minti biyu, tambayoyi suna ƙaruwa, gardamar bayan taro tana raguwa. A unguwar da ake zaune da wasu ƙabilu, a yi wa kowa irin wannan, kada ya zama Hausa kaɗai aka ware.

Taron da ya fi kowane daraja a shekara shi ne na shirin harif, wato damina. Dalili a ƙasa yake. Gadarif tana kan baƙar laka mai darewa da rani, in ta sha ruwa ta kumbura ta toshe, ruwa ba ya nutsewa sai ya kwanta a sama. Ruwan shekara ya kai wajen milimita 600, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma rafin Hor Abu Farga da ya ratsa gari yana cika cikin sa'o'i. Titin da mota ke bi a watan Mayu, a Agusta ko jaki sai ya yi da gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya: taron nan a farkon Mayu ya kamata a yi shi, a gama aiki kafin tsakiyar Yuni. Lajanoni da yawa sai an yi ruwan farko gidaje sun jiƙe sannan ake kiran mutane, lokacin da lakar ta yi nauyi tana manne wa shebur, aikin yini ɗaya ya koma na uku.

Lajanar da ta san aiki tana zuwa taron da zanen unguwa, ko a kan allo ne, an nuna inda ruwa ke taruwa da inda yake fita zuwa babban masraf, wato babbar magudana. Daga nan a raba nafir, gayyarmu ke nan, murabba'i-murabba'i, kowane da mutum ɗaya da za a tambaya. Ƙa'idodin aikin ba su da yawa amma kowace in an karya ta ana gani. Ana fara yasa daga ƙasa, daga bakin da ruwa ke fita, a yi sama. Wanda ya fara daga sama ya buɗe wa ruwa hanya ne zuwa inda yake a toshe, ya tara shi a ƙofar maƙwabci. Ƙasa da leda da aka yaso ba a jibge su a gefen magudana, don ruwan farko zai mayar da su ciki, dole a yi hayar karo ko mota a kwashe a ranar. Kwalbatin da ke ƙarƙashin mararraba shi ne maƙogwaron unguwa, a zura doguwar sanda ko ƙarfe a tabbatar ya buɗe daga wannan baki zuwa wancan, kada a tsaya a share bakinsa kawai. Sai maganar radmiya, cikon tsakuwa da jar ƙasa da ake zubawa a titi. Kowa yana son a zuba a layinsu, kuma a taro ita ce ke jawo tafi. Amma in aka ɗaga titi ya fi dokin ƙofar gidaje tsawo ba a bar magudana a gefe biyu ba, ruwan da dā yake kwanciya a titi cikin tsakar gida zai koma, kuma katangar laka ba ta jure kwana biyu a cikin ruwa. Kafin a sauke tifa ɗaya, a auna da igiya da tiyon awo na magina.

Abin da mahalliya ke iya kawowa a nan shi ne babbar mota mai haƙa don manyan magudanai, kuma sau da yawa sharaɗin shi ne unguwa ta sayi gas. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, a faɗe shi a fili a taro: awa nawa motar za ta yi, gas nawa take sha a awa, wa zai tsaya a kanta ya ƙirga. Inda ba a tsayar da mai ƙirga ba, nan zargi ke farawa.

Taron lafiya shi ne na biyu a daraja, kuma ya samu nauyi tun da aka ayyana ɓarkewar kwalara a jihar a watan Satumba na 2023, ta sake dawowa a daminar 2024, ga kuma zazzaɓin denge. A nan ana gayyato jami'in lafiya, a raba ƙwayar kilorin. Rabon yana tafiya daidai, bayanin ne ke gurguncewa. Ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba, akwai ƙarama ta jarka, akwai babba ta ganga ko tankin karo, kuma an rubuta lita nawa kowace ke ɗauka a jikin takardarta. In aka miƙa wa mutane ba a nuna ba, wata za ta jefa babbar a jarka mai lita 20, ruwa ya yi ɗaci da wari, gidan su daina amfani da kilorin gaba ɗaya. Wani kuma ya jefa ƙaramar a ganga mai lita 200 ya ɗauka ya tsira. Taro mai kyau yana ajiye jarka da ganga a gaban jama'a a yi a gani: in ruwan ya yi gurɓi a bar shi ya kwanta ko a tace da tsumma mai tsabta tukuna, a jefa ƙwaya, a rufe, a jira minti 30 kafin a sha. A kuma kira masu karon ruwa da sunansu su zo taron, tunda daga tankinsu rabin unguwa ke sha. Haɗin ruwan gishiri da sukari shi ma a yi shi a gaban mutane: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in babu fakiti, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, a riƙa ba marar lafiya ana kan hanyar asibiti, ba a zauna gida ana jira ba.

Kan denge kuwa, jama'a feshi suke nema, lajana ma feshi take so ta nuna don ana ganin hayaƙinsa. Amma sauron denge da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta da aka ajiye a gida yake ƙwai, a randa da ganga da tsohuwar taya da tiren na'urar sanyaya ɗaki. Daga ƙwai zuwa sauro kwana bakwai ne zuwa goma. A garin da ƙarancin ruwa ya tilasta kowane gida tara ganguna, maganin shi ne a juye kowace ganga sau ɗaya a mako, a goge cikinta da soso don ƙwan yana manne a jikin bango, a rufe ta ruf. Feshin titi ba ya shiga cikin randa. Jami'in da ya faɗi wannan, ya kuma ja kunne cewa mai zazzaɓin denge farasitamol zai sha ba asfirin ko ibufurofen ba saboda zubar jini, ya biya kuɗin siwan ɗin ranar.

Tun bayan faɗuwar garin Wad Madani a hannun dakarun RSF a watan Disamba na 2023, da faɗuwar garin Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta karɓi ɗimbin nazihin, waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, da yawansu a gidajen dangi suka sauka ba a makarantu ba. Wannan ya ƙara wa lajana aikin ƙidaya da rabon tallafi, kuma shi ne taron da ya fi zafi. Tushen rigimar kusan kullum ɗaya ne: an rubuta sunaye a ɓoye. Gidan da ke ɗauke da iyali uku an rubuta shi gida ɗaya, wani kuma ya shiga sau biyu da sunan kaka daban. Inda aka manna jerin sunayen a bangon masallaci ko makaranta kwana biyu kafin rabo, aka ba da dama a gyara, rabon yana wucewa lafiya. Inda aka karanta sunaye a ranar, ana karantawa ana rabawa, da wuya a tashi ba a ɓata ba. A nan ina yaba wa takiyyoyi, ɗakunan girkin sadaka da matasa da mata ke riƙewa, don da yawansu sun fi lajana iya lissafi: suna faɗin tukunya nawa aka ɗora, gida nawa suka karɓa.

Kuɗi shi ne inda hidimar ta fi rauni. Taron kansa kyauta ne, amma kusan kowane yana ƙarewa da karo-karo. Tun da takardar kuɗi ta yi wuya, musamman bayan canjin takardun fam 500 da 1,000 a watan Disamba na 2024, yawancin biya ta manhajar banki ta Bankak ake yi, zuwa asusun wani ɗan lajana. Matsalar ba ta manhajar ba ce, ta tsarin karɓa ce. Kuɗin unguwa yana cakuɗa da na mai asusun, mutane suna tura hoton ish'ar, wato shaidar biya, a zaure, wani hoton ma na bogi ne ko tsoho, ba wanda ke bin su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa ko kuɗin ya shigo. Hanyar da ke aiki ita ce mutum biyu: ɗaya yana riƙe da asusu, ɗaya yana riƙe da littafi, kowane biya a rubuta sunan gida, adadi, da lambar mu'amala, a haɗa littafi da asusu duk mako. A buɗe taro na gaba da karanta abin da ya shigo da abin da ya fita kafin a nemi ko sisi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma jama'a su bambance abu biyu: gudummawar unguwa ta ganin dama ce, kuɗin hukuma kuwa yana da rasit na gwamnati da ake kira urnik 15. Wanda aka ce ya biya kuɗin mahalliya ba a ba shi wannan rasit ba yana da haƙƙin tambaya a gaban kowa.

Maganar ruwan famfo ba ta taɓa rasa shiga taro ba, ko ba ita aka kira ba. Ƙishin Gadarif tsoho ne, ruwan garin daga nesa ake jawo shi, daga wajen Shuwak a kan kogin Atbara, kuma an daɗe ana sa rai da babban aikin jawo ruwa daga madatsar Atbara ta Sama da Setit. Wannan duk ba a hannun lajana yake ba, ba ma a hannun mahalliya ba. Lajanar kirki za ta faɗi haka, ta karɓi ƙorafin a rubuce, ta mayar da hankali kan abin da take iyawa: daidaita farashin ganga da masu karo, jadawalin tanka, gyaran bututun da ya fashe a layi. Wadda ke bari a yi awa ɗaya ana zagin ƙishi har magariba ta yi ta cinye lokacin kwalbati da kilorin.

Abu ɗaya ke raba taro mai amfani da marar amfani, kuma ana iya gane shi cikin minti biyar na farko: akwai mai rubutu ko babu. Mahadar, rubutaccen bayanin taro, ba ya buƙatar fiye da shafi ɗaya: abin da aka yanke, wanda zai yi, ranar da zai gama. A karanta shi kafin a shafa fatiha, a ɗauki hotonsa a tura zaure, a kai kwafi ofishin shiyya a sa masa hatimi. Jami'ai ana yawan canja su, alkawarin baki yana tafiya da mai shi, takarda mai hatimi ita ke jiran wanda ya gaje shi.

Mai zuwa da buƙata ya zo da ita a rubuce da Larabci, kwafi biyu, da lambar murabba'i da hoton wurin a waya, a sa masa hannu a kwafi ɗaya ya tafi da shi. Buƙatar da gidaje goma suka sa wa hannu tana gaba da ta mutum ɗaya komai ƙarfin muryarsa. Mai neman shahadar sakan kada ya tsayar da taro a kanta, ya jira a tashi ya sami magatakarda, da lambar ɗan ƙasa a hannunsa, in sabon zuwa ne ya zo da maƙwabcin da ya san shi. Kuma kowa ya zo kafin a fara, don batun kuɗi a kan yanke shi ne a rabin awa na ƙarshe, lokacin da ladan ya kusa kira kuma rabin kujerun mata sun koma gida ɗora tukunya. Lajanar da ke son a biya ta da daɗin rai sai ta ɗauko wannan batu ta sa shi a farko.